TABKI CIKIN AKWATIN GILASHI

Jawabin da wani ɗan ƙungiyarmu, malamin lakwal, ya yi ga taron wata a unguwar Wadata, Yamai. Mun buga shi duka saboda waɗanda ba su samu zuwa ba, da kuma dattawan gida.

Iyayenmu dattawa, Allah ya ƙara maku girma. Shugaban ƙungiya, ranka ya daɗe. Iyayenmu mata, yayye da ƙanne, da ku da kunka sauka tasha jiya da shekaranjiya, barkanku da zuwa. Yaya kunka baro mutanen gida?

Muna neman gafara tun da farko, don yaro ne zai yi magana gaban manya, kuma maganar tashi ta kifi ce. A taron da ya wuce mun roƙi ƙungiya ta taimaka a kai ma lakwal ɗin garinmu akwatin gilashi irin wanda munka shirya cikin ajinmu nan Yamai. Wani daga cikin iyayenmu ya ce: "Mushe, rufin aji yana yoyo, kai kana zancen ɗakin kifi?" Jama'a ta yi dariya, mu ma mun yi, don tambayar tana bisa hanya. Kuɗin ƙungiya gumin masu dako ne da ƴan garuwa da masu gadi da masu tebur, ba a taɓa shi sai da hujja. Yau mun zo da tamu hujja. In ta gamsar da ku, madalla. In ba ta gamsar ba, a yi rufi kawai, mu ma da hannunmu ciki.

1. MAFARIN ABIN

A makarantar horon malamai an koya mana darasin kifi da Faransanci. Mun iya zana shi bisa allo, mun iya faɗin sunan kowane sashe na jikinshi. Haka munka yi ta maimaita ma yara shekara da shekaru. Wata rana munka tambayi ƴan aji shida: wa ya taɓa ganin kifi mai rai yana iyo? Hannuwan da sunka tashi ba su cika yatsun hannu biyu ba. Ga shi kuwa daga nan Wadata zuwa kogin Isa bai fi tafiyar awa guda a ƙasa ba. Yaranmu sun san soyayyen kifi na bakin kasuwa, sun san na gwangwani, amma ba su san ruwa gari ne mai mazauna ba. Mu da munka taso muna su cikin tabkin gida, abin ya ba mu kunya. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Tun da ba mu iya kwasar aji duka zuwa gulbi, sai munka yi niyyar kawo ɗan yankin gulbi cikin aji.

2. INDA ABIN YA SAMO ASALI

A shekarar 1850 wani masani a Ingila, Robert Warington, ya sa ƙananan kifi biyu cikin wani babban gilashi tare da ciyawar ruwa da ƴan katantanwa. Ya ga sun daɗe da rai ba tare da ana sake ruwan ba. Dalili shi ne, da rana ciyawa tana fidda iskar rai wadda masana ke kira oksijen, kifi ya shaƙa. Iskar da kifi ya fitar da kashinshi kuma su ne abincin ciyawa. Kowa yana cin albarkacin ɗan'uwanshi. A 1853 anka buɗe ɗakin kallon kifi na farko ga jama'a cikin gidan namun daji na London. Daga shekarun 1930 mutanen Holan sunka shiga jera tsirrai cikin akwatin kamar yadda ake jera fangalin lambu.

Wanda ya kai abin ga ƙoli wani mutumin Japan ne, Takashi Amano, an haife shi 1954, ya rasu 2015. Mai ɗaukar hoto ne, ya yi yawo cikin dazuzzukan Amazon da Borniyo da Afirka ta Yamma. Koyarwarshi ita ce a je a dubi yadda Allah ya ajiye dutse da icce da ciyawa a bakin rafi, a kwaikwayi wannan tsari cikin gilashi. Kamfanin da ya kafa ya soma gasar duniya ta wagga sana'a a 2001. A shekarar da ya rasu ya shirya wani akwati a birnin Lisbon na ƙasar Fotugal mai tsawon mita 40, mai cin litar 160,000 na ruwa.

Ga abin da zai ba ku mamaki. Da yawa daga cikin kayan da suke alfahari da su namu ne. Tsiron da ake kira anubiyas, wanda kusan babu kantin kifi a Turai da ba a saida shi, daga rafukan kudancin Najeriya da Kamaru da maƙwabtansu ya fito. Badon nan da kakanninmu sunka ci saiwarshi da ƴaƴanshi cikin shekarun yunwa, ana saida shi can cikin ƴar roba. Jar ƙasar marmara da muke takawa kullum, an yi ta ƙunsa ta cikin kwali ana saida ma masu wagga sana'a, don tana da sinadarin ƙarfe da tsirrai ke so. Abin da wasu ke saye da tsada, mu yana bayan gidanmu.

3. YADDA AKE SHIRYA SHI

Akwati. Mun sa masu yankan gilashi sun yanka mana falle biyar masu kaurin milimeta 6. Tsawo santimeta 60, faɗi 30, zurfi 30. Yara da kansu sunka yi lissafi: litar 54, wato bidon biyu na litar 25 da ɗan ƙari. Litar guda ta ruwa kilo guda ce. In an haɗa da yashi da duwatsu nauyin ya kai na babban mutum, saboda haka sai tebur mai ƙarfi wanda ba ya gurgunta. Ana haɗa fallayen da danƙon silikon na gilashi, a bar shi kwana biyu ya bushe, a cika shi a tsakar gida a ga ko yana yoyo kafin a shigo da shi.

Ƙasa. Can ƙasa mun shimfiɗa jar ƙasa kaurin yatsa guda, munka rufe ta da yashin gulbi wankakke kaurin yatsa uku. Ana wanke yashin har ruwan ya fito garau. Ana tara shi ya fi tudu daga baya, ya gangaro gaba, kamar gaɓar tabki. Wannan shi ke sa ƙaramin akwati ya yi ma ido zurfi.

Dutse. Kowane dutse sai mun ɗiga mashi ruwan lemun tsami. In ya yi kumfa, yana da farar ƙasa, zai canja ruwan, sai a aje shi gefe. Mutanen Japan suna son adadin da ba ya rabuwa biyu: uku, biyar ko bakwai. Mu uku munka sa, kamar na murhu, amma babba guda da ƙanana biyu masu jingina gare shi. Babban ba ya zama a tsakiya. Ana gusa shi wajen kashi ɗaya cikin uku na tsawon akwatin, a binne gindinshi kaɗan kamar nan ya tsira. Iyayenmu mata da sunka san jeren ɗaki ba su buƙatar a yi masu bayanin wanga: babba baya, ƙarami gaba, a bar ma ido wurin hutawa.

Icce. Busasshe ake so, mai tauri, wanda ya daɗe da mutuwa, an ɓare ɓawonshi. Mun samu wata saiwar kirya mai lanƙwasa wurin masu saida icce. Mun dafa ta cikin tukunya, munka jiƙa ta sati biyu muna sake ruwa, har ta bar fidda ja, ta nutse da kanta. A kiyayi icce mai farin ruwa kamar tumfafiya da aguwa, a kiyayi dogon yaro. Aduwa kuwa ko kusa: tun da daɗewa an san ɓawonta da ƴaƴanta suna kashe kifi.

Tsirrai. Bado ƙarami guda daga baya, a riƙa yanke ganyen da ya kai sama don kada ya rufe haske. Sai wata ciyawa mai siraran ganye kamar gashi, marar saiwa, wadda masunta ke cirewa daga koma suna yarwa. Tana girma da sauri, tana tsotse dauɗar ruwa. Bisa ruwa mun bar kainuwa uku ko huɗu. An ce kainuwa dashen Allah, gaskiya ne, amma cikin akwati sai an riƙa rage ta kowane sati.

Ruwa da kifi. Ruwan fanfon Yamai daga kogi ake jawo shi, a tace a Gudel da Yantala, a sa mashi kulor don kashe cuta. Kulor ɗin da ke kare mu shi ke ƙone ma kifi wurin numfashi. Sai a tara ruwan cikin bokiti buɗe ya kwana ya wuni. Bayan an dasa tsirrai, a yi haƙuri sati huɗu kafin a sa kifi. Kifin da ya dace su ne ƴan ƙananan nan na bakin gaɓa da ba su wuce tsawon ɗan yatsa. Shida sun isa. Mun ƙara ɗan ƙurungu guda, irin mai iyo a rigingine, wanda yara ke rububin gani. In ya girma za mu maida shi inda anka kamo shi. Abinci sau ɗaya a wuni, gwargwadon abin da za su cinye cikin minti biyu: ƴar gara, tsutsar sauro, ko ɗan garin busasshen kifi. Kowace Asabar a kwashe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan, a zuba ma itatuwan lakwal, a maida sabo. Malamanmu sun sha tuna mana labarin matar da ta tsare kyanwa ba ci ba sha. Wanda ya tsare dabba, haƙƙinta yana wuyanshi. Shi ya sa ko cikin hutu akwai mai zuwa dubawa.

4. KURAKURAN DA MUNKA YI

Ba za mu ɓoye maku ba, sau uku muna faɗuwa.

Karo na farko mun cika akwatin da safe, munka zuba kifi da azahar. Kafin kwana uku duk sun mutu, yara suna kuka, mu muna sunkuyar da kai. Daga baya munka gane dalili. Bayan kulor, kashin kifi yana zama guba mai suna amoniyak. Akwai wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, masu zama jikin yashi da dutse, su ke juya gubar ta koma nitirit, sannan nitirat, wanda taki ne ga tsirrai. Ƙwayoyin nan sai sun yi sati uku zuwa shida kafin su yawaita. Mu mun kai amarya gidan da ba a gama gini ba.

Karo na biyu wani masunci ya ba mu ƴan karfasa kyauta. Mun tafi hutun Lahadi, Litinin munka iske sun tone yashi, sun tumɓuke bado, sun cinye ciyawa. Halin karfasa ke nan, ramin ƙwai take haƙa. Tarwaɗa kuma haɗiye ƙananan take yi. Waɗanga kifin kiwo ne, wurinsu tabki.

Karo na uku mun aje akwatin bakin taga inda rana ke bugunshi. Cikin kwana goma ruwan ya koma kamar miyar kuka saboda gansakuka. Haske yake so, amma ba idon rana ba. Zafi ma abin lura ne: cikin Afrilu da Mayu Yamai tana wuce digiri 40, ruwa kuwa in ya yi ɗumi iskar da ke cikinshi raguwa take yi. Ba mu dogara ga injin iska ba, don kuran yakan ɗauke, a gida kuma babu shi. Dabararmu kifi kaɗan, tsirrai da yawa, baki buɗe da ɗan raga bisa, sai jiƙaƙƙen buhu a jikin gilashi lokacin bazara, kamar yadda ake sanyaya tulu.

5. ABIN DA AKWATIN YA KOYA MANA GAME DA TABKIN GIDA

Iyayenmu, nan ne zuciyar maganar take. Duk abin da ya samu akwatin cikin sati guda, shi ke samun tabki cikin shekaru.

Na ɗaya, mutuwar kifi da asuba. Kun sha gani cikin bazara, a wayi gari kifi sun taso suna haki, wasu sun juya ciki sama. Akan ce an yi sammu ko an zuba wani abu. Ruwa ba ya tsami banza, amma sau da yawa dalilin yana kusa. In kashin dabbobi da takin gona da ruwan wanki sun yi yawa, gansakuka ta cika ruwan. Da dare babu rana, ita ma shaƙar iskar take yi maimakon ta bayar. Kafin asuba iska ta ƙare. Yaranmu sun ga haka da idonsu ranar da wani ya zuba ma kifi abincin kwana uku a lokaci guda.

Na biyu, tsargiya. A gida har yanzu akwai masu ɗaukar fitsarin jini ga yaro kamar alamar girma. Cuta ce, kuma tana ɓata mafitsara da ƙoda in an ƙyale ta. Mai ita in ya yi fitsari cikin tabki, ƙwan tsutsar ya ƙyanƙyashe, ya shiga jikin wata ƙaramar katantanwa mai maƙale ma ciyawar ruwa. Bayan wata guda ko fi, dubban tsutsotsi su fito su huda fatar duk wanda ya shiga ruwan. Shi ya sa duk ciyawar da munka ɗebo daga kogi ko gonakin shinkafa na Saga, da safar hannu muke taɓa ta, mu tsince katantanwa da ƙwanta, mu ware ta cikin bokiti sati biyu muna dubawa. Katantanwar kuwa mun rufe ta cikin kwalba munka zagaya da ita aji. Darasin da munka yi shekaru muna rubutawa bisa allo bai shiga ba, ranar ya shiga. Washegari yara biyu sunka zo da kansu sunka faɗi abin da suke ɓoyewa. Iyayensu sun kai su likita, an ba su ƙwayar furazikantel, sun warke.

Na uku, baƙuwar ciyawa. Ku da kunka daɗe a Yamai kun tuna lokacin da kogi ba shi da ciyawar nan mai shuɗin fure da ake kira jasent da Faransanci. Asalinta Amurka ta Kudu, kuma don kyawon furenta mutane sunka yi ta kai ta ƙasa-ƙasa. Wajen ƙarshen shekarun 1980 ta bayyana cikin kogin Isa. Takan ninka kanta cikin kamar sati biyu, ta tare ma jirage hanya, ta yaga koma, ta toshe magudanan gonakin shinkafa. Saboda haka dokarmu ita ce: tsiro ko kifin da anka sayo daga waje ba ya zuwa gulbi ko tabki har abada, in an gaji da shi a shanya shi ga rana.

Na huɗu, cikewar tabki. Mun gwada ma yara: mun zuba cokali guda na laka, ruwan ya duhunta, tsirrai sunka yi yaushi don rashin haske. In an sare itatuwan gaɓa, an nome burgu har bakin ruwa, kowace damina rairayi na gangarowa. Manyan ruwaye ma ba su tsira ba. Cikin watan Yuni na 1985, bayan shekarun fari, kogin Isa ya tsaya da gudu nan Yamai, mutane suna ƙetare shi da ƙafa. A 2020 kuma ya yi cikar da ta cinye unguwanni. Tabkin Madarunfa da kuke ji da shi yana fama da rairayi. To ina ga namu?

Sai wata tambaya da yara sunka yi mana, wadda mu ma mun yi ta muna ƙanana: tabki ya ƙafe ƙaf da rani, ina kifi ke fitowa da damina? Ba daga sama suke faɗowa ba. Gaiwa tana binne kanta cikin laka ta jira ruwa wata da watanni. Tarwaɗa tana jan ciki bisa jiƙaƙƙiyar ƙasa daga wani ruwa zuwa wani. Akwai kuma wasu ƙananan kifi da ƙwansu ke kwana cikin busasshiyar laka har ruwan farko. Ke nan ko busasshen tabki yana da rai a ciki, kuma mai wanke famfon feshin maganin ƙwari a can yana kashe kifin baɗi.

6. ROƘONMU

Abu uku muke roƙo.

Na farko, a yarda a sayi gilashi da danƙo na akwati guda. Kuɗin bai kai na akuya ba. Za mu sa a yanka shi nan, mu naɗe fallayen cikin kwali, mu ɗora ga motar gida a tashar Wadata, mu haɗa shi can da hannunmu cikin babban hutu tare da malaman garin. Yashi da dutse da icce da bado duk suna gida kyauta. Rufin aji shi ne gaba, mun yarda. Abin da ya saura muke nema.

Na biyu, iyayenmu, ku ba mu sunaye. Mu lakwal ta ba mu na Faransanci, ku kuna da na Hausa. Akwai ciyawar ruwa da kifin da munka riƙe a hannu ba mu san yadda kakanninmu ke kiransu ba. Mun buɗe littafi. Duk dattijon da ya san suna, da lokacin da abin ke fitowa, da amfaninshi, ya faɗa mu rubuta da sunan gidansu. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba.

Na uku, ƙungiya ta aika wakilai ga maigari da sarkin ruwa da liman a zauna kan maganar tabki: a ware mashayar dabbobi gefe guda, a hana wankin kayan feshi, a yi ma yara faɗa kan fitsari cikin ruwa, a bar ma burgu da itatuwa ƴan taki kaɗan daga gaɓa. Wanga ba ya cin ko dala.

Mu da ke nan birni, kowa da ranar komawarshi. Muna son mu iske tabkin da munka bari, jikokinmu su san ɗanɗanon kifinshi. Akwatin yana cikin ajinmu. Duk wanda ke son gani, ya zo ranar Asabar da hantsi lokacin da muke sake ruwa, ya zo da yaranshi. Baban da ya yi mana tambaya, shi muke fara gayyata, kujera tana jiranshi.

In mun yi kuskure ko mun wuce gona da iri, a yafe mana. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyaye mana ruwanmu, ya ƙara haɗa kan wagga ƙungiya. Amin.